Kafin ka tafi Girka karatun falsafa

Ɗalibin Kankara, Faskari ko Sabuwa da ya ga tallar gajeren kwas a Atina kan Homa, Aflatun da Aristo, ya fara duba kalanda. Ana yin irin wannan kwas ne tsakanin Yuni da Agusta, tsakiyar damina kenan a wurinmu. Ka shirya da Baba tun wuri kan wanda zai riƙe maka noman masara, sannan ka tambayi sashenka, ko a Dutsin-Ma kake ko Zariya, shin za su lissafa maka makin?

Bizar Shengen ake nema. Sai ka nuna takardar gayyata daga makarantar, shaidar kuɗi a banki, da inshorar lafiya da za ta iya biyan aƙalla Yuro 30,000. Dillalin da ya ce zai samo maka ita ba takardu, rabu da shi.

Abin da na fi so ka yi kafin tafiya shi ne karatu a gida. Malaman zaure sun daɗe suna koyar da mantiƙi daga Sullam na Al-Akhdari, kuma asalin ilimin nan na Aristo ne, ta Larabci ya iso mu. Al-Maghili, wanda ya zauna Kano da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15, ya kare mantiƙi lokacin da Suyuɗi ke haramta shi. Wanda ya sauke Sullam ba zai yi baƙunta a aji ba. Ka kuma haddace haruffan Girkanci, 24 ne kacal.

In kuɗi ya gaza, Jami'ar Ibadan na da sashen da ke koyar da Girkanci da Latin. In kuwa ka isa Atina, akwai masallacin Juma'a a unguwar Votanikos, an buɗe shi a 2020.