Shibaji, sarkin kan duwatsu

A yammacin ƙasar Indiya akwai wasu dogayen tsaunuka da suka bi gaɓar teku daga arewa zuwa kudu. Da damina ruwa yana zuba a kansu kamar da bakin ƙwarya, itatuwa su yi duhu, hanyoyi su ɓace. Mutanen wurin ana kiran su Marata. Yawancinsu manoma ne da makiyaya. A cikinsu aka haifi Shibaji a shekara ta 1630, cikin ganuwar Shibneri, arewa da garin Puna.

A lokacin nan Marata ba su da sarkin kansu. Sarkin Bijapur ke iko da ƙasarsu. Can arewa kuwa ga daular Mugal, wadda ta fi kowace ƙarfi a Indiya. Uban Shibaji, mai suna Shahaji, babban mayaƙi ne, amma wa sarakunan nan yake yi wa yaƙi, kuma ba ya zama gida. Uwarsa Jijabai ce ta rene shi a Puna.

Yaron ya tashi yana yawo cikin duwatsu tare da ƴaƴan manoma. Ya san kowane kwari da kowace ɓarauniyar hanya. Ya lura da abu guda: a kan tsaunukan nan akwai tsofaffin ganuwoyi, kuma mutum ɗari da ke sama suna iya tare mutum dubu da ke ƙasa. A 1646, yana da shekara 16, ya kama ganuwar Torna. Daga nan ya yi ta kama wasu ɗaya bayan ɗaya. Ba ya tsayawa a fili ya yi gaba da gaba da babbar runduna. Yaƙinsa na sari-ka-noƙe ne: ya faɗa wa abokan gaba ba zato, kafin su ɗaura sirdi ya koma kan dutse.

A 1659 Bijapur ta aiko wani babban jarumi, Afzal Kan, da runduna mai yawa. Shibaji ya ƙi saukowa daga ganuwar Pratapgad. Aka yi ta aike-aike, har suka shirya su gana cikin wata rumfa a gindin ganuwar, kowa da ƴan rakiya kaɗan. Amma ba wanda ya amince da wani. Shibaji ya sa sulke a ƙarƙashin riga, ya ɓoye wasu ƙarafa masu kaifi a tafin hannu, waɗanda ake kira farcen damisa. Da suka rungumi juna sai faɗa ya kaure. Marata sun ce Afzal Kan ne ya fara kai sara, sulke ya tare. Marubutan Mugal sun ce Shibaji ne ya ci amana. Afzal Kan dai ya mutu a wurin, dakarun da Shibaji ya ɓoye cikin kurmi suka fito suka tarwatsa rundunarsa.

Yaƙi yana cin kuɗi. A 1664 Shibaji ya faɗa wa Surat, babbar tashar jiragen ruwa ta Mugal, inda alhazai ke tashi zuwa Makka. Ya kwashe dukiyar attajirai, gidaje da yawa suka ƙone. Mutanen Surat ba su gan shi a matsayin gwarzo ba, kuma suna da dalili.

Sarkin Mugal, Aurangzeb, ya husata. Ya turo sarkin yaƙinsa Jai Sing. Wannan karon ƙarfi ya fi dabara. A 1665 Shibaji ya miƙa ganuwa 23, aka bar masa 12. Da shekara ta kewayo ya tafi Agra gaida Aurangzeb, tare da ɗansa Sambaji mai shekara 9. A fada aka tsayar da shi a bayan waɗanda yake ganin ya fi su. Ya yi fushi a gaban kowa, sai aka tsare shi a masauki.

Labarin da aka fi bayarwa shi ne ya yi ƙaryar ciwo. Kullum yana fitar da manyan kwanduna cike da alewa, wai sadaka ce don ya samu sauƙi. Da farko dogarai suna buɗe kowane kwando, daga baya suka gaji. Ran nan sai shi da ɗansa suka shiga cikin kwandunan, aka fice da su. Daga 1670 ya soma karɓe ganuwoyinsa.

Ran 6 ga watan Yuni na 1674 aka naɗa shi sarki a ganuwar Raigad. Sarautarsa Catrapati, wato mai laima, don a can ma laima alamar sarauta ce. Ya naɗa waziri da wasu manyan fadawa, su 8, kowa da aikinsa. Shi Hindu ne, amma akwai Musulmi cikin sojojinsa. Har wani marubucin Mugal da ba ya ƙaunarsa, Kafi Kan, ya shaida cewa ya hana mutanensa taɓa masallaci da Alƙur'ani da mata. Ya kuma sa an sassaƙa jiragen ruwa na yaƙi. Duk da haka akwai ganuwa guda a tsakiyar ruwa, Janjira, da ta gagare shi har ya mutu. Masu tsaron ta su ne Sidi, jikokin mutanen da aka kawo daga gabashin Afirka.

Shibaji ya rasu a Raigad a 1680, yana da shekara 50. Aurangzeb ya taho kudu da kansa. A 1689 ya kashe Sambaji, ya ci Raigad, amma har ya mutu a 1707 bai gama da Marata ba. A 2025 hukumar UNESCO ta sa ganuwoyin Marata 12 cikin kayan tarihi na duniya.

Ma'anar kalmomi
Ganuwa: katanga mai kauri da ake kewaye wuri da ita don tsaro.
Sulke: rigar ƙarfe da mayaƙi ke sawa.
Kurmi: daji mai itatuwa da yawa.

Tambayoyi
1. Me ya sa Shibaji ba ya son yaƙi a fili?
2. Marata da marubutan Mugal ba su faɗi abu guda ba kan mutuwar Afzal Kan. A ganinku, me ya kawo haka?
3. Ku nemi Indiya a taswira, ku nuna gaɓar tekunta ta yamma.