Karayar Arzikin 1929: Daga Amurka Har Birnin Zariya

A hutun da ya wuce na zauna da kakana a zaurenmu na cikin birni, ina karanta masa abin da malaminmu na tarihi ya koya mana game da karayar arzikin Amurka. Da na gama, sai ya ce shi dai bai san Amurka ba, amma mahaifinsa ya sha ba su labarin waɗansu shekaru da auduga ta zama ba a bakin kome ba, har mutane suka riƙa sayar da hatsin ci don su biya haraji. Muka lissafa shekarun, sai ga shi zamani ɗaya ne. Dalilin da ya sa ke nan na ga ya kamata in rubuta wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu wannan ɗan bayani.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya masana'antun Amurka sun yi ta ƙera motoci da akwatunan rediyo fiye da abin da talakawa za su iya saye, manoma kuwa suna cikin bashi. Duk da haka farashin hannun jari ya yi ta hawa a kasuwar New York. Mutum ya kan biya kashi goma cikin ɗari na kuɗin hannun jari, ya ranto sauran, yana sa ran gobe zai sayar da riba. Watau ciniki ne da kuɗin da babu su. Ran 24 ga Oktoba 1929 farashi ya soma rugujewa, ran 29 ga wata kuma kowa ya fito sayarwa, babu mai saye.

Amma a ganina ba faɗuwar kasuwar ce ta fi yin ɓarna ba, bankuna ne. Da tsoro ya kama jama'a, sai kowa ya ruga ya karɓo ajiyarsa, alhali banki ya riga ya ba da kuɗin rance. Daga 1930 zuwa 1933 bankuna wajen 9,000 suka rufe, ajiyar mutane ta bi ruwa, Babban Bankin ƙasar kuwa bai kawo ɗauki yadda ya kamata ba. Bugu da ƙari, a 1930 Majalisa ta ɗaga kuɗin fito a kan kayan waje, waɗansu ƙasashe suka rama, ciniki tsakanin ƙasashe ya tsuke. Zuwa 1933, cikin kowane ma'aikata huɗu ɗaya ba shi da aiki.

To, me Amurkawa suka yi? Suna da ƙuri'a, suka kuwa yi aiki da ita. A zaɓen 1932 suka ka da Shugaba Herbert Hoover, suka zaɓi Franklin Roosevelt. Shi ne ya sa gwamnati ta ɗauki marasa aiki gina hanyoyi da madatsun ruwa, ta tsaya wa masu ajiya a banki tun daga 1933, ta kuma kafa fansho na tsofaffi a 1935. Sau huɗu aka zaɓe shi, jam'iyyarsa ta Dimokurat ta riƙe mulki har 1953. A Jamus kuwa, inda rashin aiki ya yi tsanani ƙwarai, Hitler ne ya hau mulki a Janairun 1933.

Mai karatu zai ce, ina ruwan Bazazzagi da wannan? Amsar tana kan dogo. Tun da jirgin ƙasa ya iso Zariya da Kano a 1911, manomanmu suka shiga noman abin da Turawa ke so. Kamfanin BCGA yana da injin gurzar auduga a Zariya, Kano kuma ta zama cibiyar gyaɗa. A Ingila da sauran ƙasashen Turai ake yanke farashin kayan nan, saboda haka da masana'antunsu suka rage saye, sai abin ya faɗo a kan manomi. A kakar 1933 zuwa 1934 tan ɗaya na gyaɗa bai kai fam 3 ba a Kano. Har wa yau, a 1929 ne manyan kamfanoni biyu suka haɗe suka zama UAC, masu saye suka ragu, balle a yi gasa. Ga kuma fara da ta sauka a farkon shekarun 1930, a Jos kuma an sallami leburorin kuza da yawa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, gyaɗar da ake fitarwa ƙaruwa ta yi a waɗannan shekaru maimakon ta ragu. Da fari na ɗauka kuskure ne a littafi. Ashe dalilin a fili yake. Haraji da jangali da tsabar kuɗi ake biyansu, ba su kuwa sauka daidai da yadda farashi ya sauka ba. Wanda a dā buhu ɗaya ke fitar da shi, yanzu sai ya kai biyu ko uku. Mai unguwa na matsa wa magidanci, hakimi na matsa wa dagaci, En'e na jiran kuɗi a Baitulmali, shi kuma Razdan yana duba lissafi. A lokacin Malam Ibrahim ɗan Kwasau ne Sarkin Zazzau, Donald Cameron kuma Gwamnan Nijeriya daga 1931 zuwa 1935, ba kuwa wanda talaka ya zaɓa cikinsu.

Nan ne bambancin yake. Ba'amurke ya jira shekara uku ya canja shugaba. Kakan babana ba shi da akwatin da zai jefa fushinsa, iyaka ya sayar da akuya, ko ya ci bashi, ko ya tafi cin rani. Ba na cewa karayar 1929 ce kaɗai ta haifi siyasar Arewa, amma kukan haraji bai mutu ba. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950 ta ɗauke shi ta yi ta yawo da shi ƙauye ƙauye. Sai a 1979, shekara hamsin cif bayan faɗuwar kasuwar New York, Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna.