Annoba da Aikin Idon Tsofaffi

Wannan darasi zai bayyana yadda annoba takan hana tsofaffi samun aikin ido, da abin da ya wajaba iyalansu su yi.

Mece ce yanar ido?

A cikin idon kowane mutum akwai wani ɗan madubi garai-garai wanda haske yake ratsawa. Idan shekaru suka ja, madubin nan yakan dushe, mutum ya riƙa gani kamar cikin hazo. Wannan ita ake kira yana. Binciken makanta da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa ita ce babban sanadin makanta ga masu shekara 40 zuwa sama. Cikin makafi 100, wajen 43 yana ce ta rufe musu ido. Kwalli ba ya warkar da ita, haka nan maganin ɗigawa. Maganinta aiki ne kaɗai. Likita yakan kashe wurin, ya cire madubin da ya dushe, ya sa na roba a madadinsa. Yawanci aikin bai fi rabin sa'a ba.

Abin da ya faru a 1920? A'a, a zamaninmu ne

An tabbatar da shigowar cutar korona Nijeriya ran 27 ga Fabrairu, 2020, a Legas. Ran 30 ga Maris aka kafa dokar kulle a Legas da Ogun da Abuja, Kano kuma ta bi baya a watan Afrilu. Daga nan aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi. A Amurka, ƙungiyar likitocin ido ta shawarci 'ya'yanta ran 18 ga Maris su dakatar da duk aikin da ba na gaggawa ba. A Ingila ma aka umarci asibitoci su ɗage irin waɗannan ayyuka daga 15 ga Afrilu har aƙalla wata uku. Da yake ba a lissafa cire yana cikin ayyukan gaggawa, sai yawan aikin ya faɗi ƙwarai a ƙasashe da dama, kuma galibin masu jiransa tsofaffi ne.

Dalilan raguwar aikin

1. An mai da gadaje da ma'aikata wajen jinyar masu korona.

2. Likitan ido yakan kusanci fuskar majinyaci sosai lokacin dubawa, saboda haka haɗarin ɗaukar cuta yana da yawa. Dakta Li Wenliang na birnin Wuhan, wanda ya yi gargaɗi tun da wuri, kuma cutar ta yi ajalinsa a Fabrairu 2020, likitan ido ne.

3. Korona ta fi yi wa tsofaffi lahani, musamman masu ciwon sukari da hawan jini. Don haka da yawa suka ƙi zuwa asibiti saboda tsoro, ko kuma 'ya'yansu suka hana su.

4. Mai yana ba ya tafiya sai da ɗan jagora. Da hanyoyi suka rufe, kasuwa ta tsaya, sai kuɗin mota da na aiki suka gagara.

Illar jinkiri

Yana tana iya jira na 'yan watanni, amma kada a bar ta shekara da shekaru. Idan ta nuna fiye da kima, aikinta yakan ƙara wuya, wani lokaci ma takan jawo hawan jinin ido. Tsohon da ba ya gani sosai yana cikin haɗarin faɗuwa da karaya, ga shi kuma yakan rasa sana'arsa da zuwa cikin jama'a. Wasu kuma idan jira ya ishe su sai su tafi wurin masu tura yana da tsinke. Wannan hanya tana makantar da mutane da yawa, a guje ta.

Ciwon da ba ya jira

Ko ana cikin annoba, a gaggauta kai mutum asibiti idan ganinsa ya ɗauke farat ɗaya, ko ido ya yi ja da ciwo mai tsanani, ko ya ga wani abu kamar labule yana rufe masa gefen gani, ko ido ya ji rauni. Ganin da hawan jinin ido ya cinye ba ya dawowa.

Abin da ake so ka yi

Ran 5 ga Mayu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa korona ta fita daga matsayin matsalar gaggawa ta duniya. To, duba gidanka da unguwarka. Idan akwai dattijo ko dattijuwa da aka ɗage wa aiki ba su koma ba, kai su sashen ido na babban asibiti mafi kusa, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. A tafi da katin asibiti da magungunan da suke sha. Idan wata annoba ta sake zuwa, Allah Ya kiyaye, a tambayi asibiti ranar komawa, kada a zauna shiru a gida. Wanda ya yi maka jagora kana yaro, hakkinsa ne ka nema masa gani da tsufansa.