Ga Almajirin Injin Sassaƙar Ƙarfe: Awo Kafin Yanka

Kukan da ya fi yawa daga bakin samarin da iyayensu suka damƙa su ga masu injin sassaƙar ƙarfe, ko a Panteka ta Kaduna ne ko a masana'antun Bompai da Sharaɗa a Kano, bai wuce biyu ba. Na farko, cewa maigida ya bar su wata da watanni suna sharar ɓarɓashin ƙarfe da goge inji da zuba mai, bai yarda su ɗora hannu a kan aiki ba. Na biyu kuwa, cewa ranar da Allah ya sa aka ba su aikin, sai sandar da suka sassaƙa ta fito da rama, boris ya shige ta salun-alun yana lilo, a yi asarar ƙarfe, a sha faɗa a gaban mai kaya. To, ɗana, ka sani waɗannan mas'aloli biyu asalinsu ɗaya ne, domin abin da ya hana maigida ba ka inji tun farko shi ne ainihin abin da ya ɓata maka aiki daga baya, wato ba ka ƙware a awo ba tukuna.

Juya hannun inji abu ne da yaro mai hankali zai iya cikin 'yan kwanaki, amma sana'ar tana cikin sanin inda za a tsaya, kuma wannan ba a saninsa sai da ma'auni. Ma'aunin da ake kira baniya yakan nuna har 0.02 na milimita, maikiromita kuwa 0.01, domin zagaye ɗaya na hannunta rabin milimita ne, an kuma raba zagayen gida 50. Saboda haka lokacin nan da kake ganin ana ɓata maka shi da shara, ka mai da shi lokacin bita: ka tsinci guntayen ƙarfe daga kwandon shara, ka nemi izinin babban yaron shago ka auna kaurinsu, ka rubuta, sa'an nan ka roƙe shi ya auna a bayanka, har ranar da awonku zai riƙa dacewa ba saɓani. Ka kuma haddace cewa inci ɗaya milimita 25.4 ne, gama tsofaffin injunan Ingila da ke shagunanmu da yawa da inci aka zana su, alhali kayan da ake kawowa gyara yau galibinsu da milimita aka ƙera su.

Ramar aiki kuwa sabubbanta uku ne sanannu, kuma na farkonsu lissafi ne tsagwaronsa. Tun da yake aikin juyawa yake yi a kan injin, wuƙa tana cinsa ta kowane gefe, saboda haka in ka tura ta rabin milimita, milimita guda cur za ta fita daga kaurin sandar. Wasu injunan an zana ma'aunin hannunsu bisa wannan ninkin, wasu kuwa ba a yi ba, kuma wajibi ne ka tahaƙƙaƙe wanne ne naka ta hanyar yanka kaɗan a kan ƙarfen banza ka auna. Na biyu shi ne sakin da ke cikin zaren tsohon inji: in ka wuce lambar da kake nufi, kada ka ɗan komo da baya kaɗan ka ce ka gyara, domin hannun zai motsa wuƙar ba ta motsa ba, ka janye sosai, ka sake tahowa ta fuska ɗaya.

Na uku shi ne wanda ya fi ɓuya ga almajirai, kuma na ga manyan ma'aikata ma suna gafala da shi, wato zafi. Ƙarfe yana buɗewa in ya ɗumama, gwargwadon 0.012 na milimita a kowace mita ga kowane digiri ɗaya. Sandar da kaurinta ya kai milimita 50, in yanka ya ƙara mata digiri 40, za ta kumbura da wajen 0.024, alhali kuwa rangwamen da ake yi wa mazaunin boris mai wannan girma bai kai 0.02 ba. Wanda ya auna ta da zafinta ya ga ta cika daidai, in ta huce sai ya tarar ta gaza, kuma ƙarfen da aka yanke ba ya komawa. Maganin abin shi ne ka rage kaɗan, ka bar aikin ya huce har hannu ya iya daɗewa a kansa, ka goge shi, ka auna, sa'an nan ka yi yankan ƙarshe.

Gudun inji ma da ƙa'idarsa. Ƙarfe mai taushi, in da wuƙar ƙarfe ta gama-gari ake yankansa, ana so ya riƙa wucewa ta bakinta kamar mita 30 a minti, wanda ya kama juyi wajen 190 ga sanda mai kaurin milimita 50, da ninkinsa ga mai 25. In ka ga ɓarɓashi yana fitowa shuɗi da irin wannan wuƙa, ko ka ji injin yana ƙugi, to ka yi gaggawa, ko kuwa bakin wuƙar bai zauna daidai tsakiyar aikin ba.

Game da lafiyar jikinka ba zan sassauta ba ko kaɗan. Ba a tsayawa gaban abin da ke juyawa da riga mai faɗin hannu, ko safar hannu, ko carbi a wuya. Ba a barin mabuɗin ɗaure aiki a kan injin ko da na ƙiftawar ido ne. Ba a jan ɓarɓashi da yatsa, sai da ƙugiya bayan an tsai da inji. Tabarau kuma ba ado ba ne.

In ka ɓata aiki, kai shi ga maigida da hannunka ka faɗi awon da ka samu, domin cusa shi cikin kayan mutane ha'inci ne da zai tonu a kan hanya, wataƙila da rai a ciki. Ka riƙi ɗan littafi kana rubuta kowane aiki da awonsa da gudun da aka yi shi. In hannunka ya fara nuna, ka nemi maigida ya yi maka izini ka zauna jarrabawar sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, wadda ake farawa daga daraja ta uku a hau zuwa ta ɗaya, ko ta hukumar NABTEB, domin manyan masana'antu sukan tambayi takarda kafin su kai mutum gaban inji su gwada shi.