Haraji da Masu Mulki: Daga Shinkafi Zuwa Ƙasashen Duniya

Darasinmu na wannan wata a kan haraji ne. Kafin ka ci gaba, ɗan'uwa, buɗe Littafinka ka duba Romawa sura 13 daga aya 1 zuwa 7, sa'an nan Nehemiya sura 5 dukanta. In a taro ku ke karatu, wani ya karanta da ƙarfi domin waɗanda ba su da Littafi.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana, wata tambaya ce da ta yi yawa a bakin masu bi na ƙasar Shinkafi da Zurmi da Kaura Namoda. Shekaru ke nan 'yan bindiga su kan aiko wa ƙauye da saƙo daga daji, su ce a tara kuɗi kaza kafin a shiga gona, ko kafin a kwashe amfani. Su kan yanka rana. A 2024 jaridu sun ba da labarin an ɗora wa garin Moriki na ƙasar Zurmi naira miliyan 30, aka ce Bello Turji ne ya ɗora. Kuɗin nan kuwa haraji a ke ce da shi, da mai karɓa da mai biya duka. To, ga shi Manzo Bulus ya umurce mu mu biya haraji. Wannan yana ciki? Wanda ya biya ya yi zunubi? Wanda ya ƙi fa, har ya jawo wa gari wuta?

Ba za mu iya amsawa ba sai mun san ko mene ne haraji. Hanya mafi sauƙi kuwa ita ce mu ga yadda waɗansu al'ummai suka yi fama da shi, gama kusan kowace ƙasa a kan wannan magana ta daidaita tsakaninta da masu mulkinta.

Mu fara da Ingila. A 1215 manyan ƙasar suka gaji da karɓe-karɓen Sarki Jon, suka tilasta shi ya buga hatiminsa a kan wata takarda da a ke kira Magna Karta. Cikin alkawuran da ya ɗauka akwai cewa ba zai ƙara ɗora waɗansu kuɗaɗe ba sai da yardar taron ƙasa. Sarakuna ba su kan riƙe irin wannan alkawari da daɗin rai ba. Bayan shekara ɗari huɗu Sarki Calis na Ɗaya ya sallami majalisa, ya yi shekara 11 yana mulki ba ita, daga 1629 zuwa 1640, yana karɓar kuɗin jiragen yaƙi da ikon kansa. Aka yi yaƙi, aka kama shi, aka sare kansa a 1649. A 1689 aka rubuta cikin doka cewa sarki ba shi da ikon karɓar ko anini sai majalisa ta yarda. Har yau akwai sarki a Ingila, da fada da dogarai, amma ba ya iya ƙara wa kowa haraji. Wakilan da jama'a suka zaɓa su ke yanka shi, a fili, ana gardama.

Mutanen Amurka 'ya'yan wannan gida ne, shi ya sa da Ingila ta ɗora masu kuɗi ba tare da wakilinsu ko ɗaya a majalisar Landan ba, suka ƙi. Harajin ganyen shayin da suka yi faɗa a kansa kwabo uku ne kawai a kowace laba. Amma a 1773 suka hau jirage a tashar Boston suka zubar da shayin cikin teku, a 1776 kuma suka ce sun fita daga hannun Ingila. Kun gani, ba nauyin kuɗin ne ya tashe su ba. Ba a tambaye su ba, shi ke nan.

A Suwizalan akwai wata ƙaramar jiha mai suna Gilarus. Kowace shekara, ran Lahadin farko na watan Mayu, mutanenta maza da mata su kan taru a dandali, su ɗaga hannu su yanka harajin da za su biya a shekarar. Saudiyya kuwa dabam ce. Ma'aikaci ba ya biyan haraji a kan albashinsa, gama man fetur yana ciyad da gwamnati. Sai a 2018 aka fara karɓar kashi 5 cikin ɗari a kan kayan saye, a 2020 aka mai da shi 15. Majalisar shawara ta ƙasar mutum 150 ne, sarki ne ya ke naɗa su duka. Wanda ya ke da rijiya cikin gidansa ba ya bukatar zuwa ɗiban ruwa gidan maƙwabci, saboda haka ba lalle ne ya saurari maƙwabcin ba. Ku riƙe wannan misali, gama zai yi mana amfani sa'ad da muka komo gida.

Ƙasarmu ma ta daɗe tana wannan gardama. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, cikin littafinsa Kitabul Farƙi, ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin laifofin sarakunan zamaninsa. Alkalawa, birnin Gobir, ta faɗi a 1808, Namoda wanda Kaura ta ci sunansa yana cikin jagororin yaƙin. Amma jangali bai mutu ba. Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris 1903, suka tarad da shi, suka gyara masa zama, suka kafa harajin kai na tsabar kuɗi. Dagaci ya tara, hakimi ya kai, a raba tsakanin Gwamnati da baitulmalin En'e. Da jirgin ƙasa ya iso Kaura Namoda a 1929, gyaɗa da auduga suka zama hanyar samun kuɗin haraji. Wanda gonarsa ba ta yi ba, sai ya tafi ci-rani, wani hakar kuza a Jos, wani har Gwalkwas. A wannan shekara ta 1929 ne matan Aba suka tashi a Gabas, don sun ji za a ƙidaya su a sa masu haraji.

Tsofaffinmu ba su tuna lokacin haraji da daɗi. An shanya mutane a rana, an sayad da akuyar gwauruwa. Jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano, wadda aka kafa a 1950, a kan wannan kuka ta tara talakawa. A 1979 Abubakar Rimi na Kano da Balarabe Musa na Kaduna suka soke haraji da jangali a jihohinsu, mutane suka yi murna, sun kuwa yi gaskiya.

Amma akwai abin da ya tafi tare da harajin, ba a lura ba. A dā hakimi ya san yawan magidanta a kowane ƙauye, da yawan shanu a kowace ruga, domin daga nan abincinsa ya ke fitowa. Ba don ƙauna ya ke ƙidayarsu ba, amma dai yana ƙidayarsu, ƙauye kuwa ba ya watsewa bai sani ba. Yanzu rijiya ta koma wani wuri. Kowane wata a kan raba kuɗin tarayya a Abuja tsakanin Gwamnatin Tarayya da jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774. Jihar Zamfara, wadda aka yanka daga Sakkwato ran 1 ga Oktoba 1996, mai ƙananan hukumomi 14, daga wannan rabo ta ke samun mafi yawan abin da ta ke kashewa. Saboda haka idon mai mulki yana kan hanyar Abuja. Ƙauye goma sa tashi a bayan Shinkafi, albashin kowa ya fito daidai a ƙarshen wata.

Kada wani ya ce ai yanzu ba ma biyan kome. Muna biya. Tun 2020 akwai kashi 7.5 cikin ɗari a kan kaya da yawa da mu ke saye, har katin waya. Akwai tikitin kasuwa, da kuɗin lodi a tasha, da abin da direba ya kan miƙa a shingaye tsakanin Kaura da Shinkafi ran kasuwa, wanda duk a kan fasinja ya ke faɗawa. Sai dai muna biya ba mu sani ba, wanda bai san ya biya ba kuwa ba ya tambayar canji.

Inda hukuma ta janye ƙafarta, wani ya kan sa tasa. Ba mu kaɗai ba ne. A Somaliya, tun da gwamnatin Siyad Barre ta rushe a 1991, masu bindiga iri iri suka riƙa karɓar kuɗi a hanyoyi. Ƙungiyar Al-Shabab har rasit ta kan ba direbobi. Ashe rasit kaɗai ba shi ne shaidar haraji ba.

Yanzu mu koma Romawa 13. Ku lura, Bulus bai ce a biya kowane mai ƙarfi ba. Ya ɗaura harajin ga aiki: mai mulki bara ne, an ba shi takobi domin ya hana mai mugunta, ya kāre mai aikin kirki, don wannan hidima ce a ke biyansa. Kaisar na lokacin Niron ne, ba mai bi ba ne, ba kuwa mutumin kirki ba. Duk da haka Roma tana da doka a rubuce, da alƙalai, da wurin ɗaukaka ƙara, Bulus da kansa ya ɗaukaka tasa, kamar yadda mu ke gani cikin Ayyukan Manzanni sura 25. To, ina za ka kai ƙarar ɗan bindiga in ya ninka kuɗin? Daga wa ya ke kāre ka? Daga kansa. Shi ne muguntar da aka ba hukuma takobi domin ta. Abin da ya ke karɓa kuɗin fansa ne, ƙwace ne, ko da an sa masa sunan haraji.

Ga yadda na ke gani. Magidancin da ya ba da kuɗi don kada a kashe 'ya'yansa, ko don ya kwashe geron da zai ci da iyali, bai yi zunubi ba, kamar yadda wanda aka tare a hanya aka ƙwace wa jaka bai yi ba. Laifi yana kan mai karɓa, da kuma mai takobin da ya ci albashi bai zo ba. Kada Ekklesiya ta sa irin wannan mutum cikin horo. Mu da mu ke kwana cikin gari, bayan katanga, sai mu rage saurin yanke hukunci a kan mutanen ƙauye.

Amma akwai inda zunubi ya ke shiga. Idan an ɗora wa gari miliyan biyu, masu tarawa suka tara biyu da rabi suka raba sauran, wannan sata ce. Abin da Yohanna Mai Baftisma ya hana masu karɓar haraji ke nan cikin Luka sura 3. Idan an yanka wa gwauruwa daidai da mai shanu hamsin, zalunci ne. Wanda kuma ya ke kai labarin wane ya sayad da sa, wane ɗansa ya aiko kuɗi daga Legas, wannan ya riga ya shiga cikinsu, ko da ran Lahadi yana kan benci na gaba.

Wanda ya ce shi ba zai biya ba fa? A tsibirin Sisili na Italiya, 'yan Mafiya sun daɗe suna karɓar irin wannan kuɗi daga masu kantuna. Wani mai masaƙa a birnin Palermo, Libero Grassi, ya rubuta a jarida a watan Janairu 1991 cewa ba zai biya ba. 'Yan'uwansa 'yan kasuwa suka yi shiru, a watan Agusta aka harbe shi a titi. Sai a 2004 waɗansu samari suka kafa ƙungiyar Addiopizzo, masu kantuna da yawa suka ƙi biya tare, 'yan sanda da kotu suna bayansu, sa'an nan abin ya fara kamawa. Don haka kada mu tura mutum ɗaya ya mutu a madadin gari. Ƙin biya ba ya yiwuwa sai jama'a sun haɗa kai, Musulmi da Kirista, Bahaushe da Bafillace, hukuma kuma ta tsaya a bayansu da gaske.

Wannan ya kawo mu ga rabin darasin da mu kan manta. Mun iya biya, ba mu iya tambaya ba. Cikin Nehemiya sura 5 talakawa sun jinginad da gonakinsu don harajin sarki, amma ba su yi shiru ba. Suka yi kuka, har matansu, gwamna ya ji, ya tara manya ya tsauta masu, shi kansa kuma ya bar cin abincin da ofishinsa ya ba shi. A Filibi aka yi wa Bulus bulala ba shari'a, da aka ce ya fita a ɓoye ya ƙi, sai da mahukunta suka zo da kansu. Tambaya ba tawaye ba ce. A Kenya, a watan Yuni 2024, matasa suka ƙi sabuwar dokar haraji har Shugaba Ruto ya janye ta, amma an yi hasarar rayuka, an sa wa majalisa wuta, ba wannan hanya mu ke nuna maku ba. Muna da ƙuri'a. A 2023 mutanen Zamfara suka kā da gwamna mai ci, Bello Matawalle, suka zaɓi Dauda Lawal. A watan Yuli 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi rabonsu kai tsaye, ba ta hannun gwamnoni ba. Hukunci a takarda ba ya haƙa rijiya, sai an bi sawunsa.

Kafin darasin wata mai zuwa, kowace Ekklesiya ta zaɓi dattawa biyu da mace ɗaya daga zumuntar mata. Su nemi liman ko mai unguwa su tafi tare, gama kukan ɗaya ne. Su sami kansilan mazaɓarsu, su gaishe shi da ladabi, su tambaye shi nawa ƙaramar hukuma ta samu a watan jiya, me aka yi da shi, me kuma aka shirya domin ƙauyukan da suka tashi. Su rubuta amsar da ya bayar, da ranar, a karanta a taro na gaba. In bai ba da amsa ba, a rubuta wannan ma.