Kafin Ka Sa Ɗan Akun Nan a Keji

Ɗana, mahaifiyarka ta gaya mini an ba ka ɗan aku, har ka kai wa mai walda aikin keji. Na yi murna, domin ni ma na yi shekaru ina kiwon aku. Amma ka ce wa mai waldan ya dakata tukuna, sai ka gama karanta wannan takarda.

Ka fara tambayar inda aka samo shi. Aku mai launin toka da jar wutsiya tsuntsun kurmi ne, na kudancin Nijeriya da Kamaru da Kwango, a kogon bishiya uwarsa take ƙyanƙyashe shi. Masu kamu kan hau su kwashe 'ya'yan, da yawa kuma a hanya suke mutuwa. Ɓarnar ta yi yawa har a 2016 ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CITES suka hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Ka kuma san hadisin sahabban da suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu, ta zo tana ta kaɗa fukafukai a kansu, Annabi (SAW) ya ce a mayar mata da su. In a hannun mai kiwo aka ƙyanƙyashe naka, alhamdu lillahi. In na daji ne, kada ka ƙara karɓar wani, wannan da ya riga ya shigo hannunka kuma ya zama amana.

Ka dube shi da kyau. In gashinsa bai gama fitowa ba, bai isa shiga keji ba. Kwando mai zurfi ya ishe shi, da tsumma mai laushi wanda zarensa bai warware ba, don zare yana naɗe masa yatsa har ya tsinke. Ka ajiye shi a lungun da iska ba ta bugawa, balle da hunturu, saboda sanyin asuba kaɗai yana iya kashe shi. Sai ya kusa wata uku, ka ga yana hawa bakin kwandon yana gwada fiffike, sannan a yi zancen keji.

In lokacin ya yi, ka zauna ka kalli yadda yake hawa. Da baki yake fara kama ƙarfe, ya jawo jikinsa, sannan ƙafa ta biyo. Duk sandar da ya kama sai ya lashe ta da baƙin harshen nan nasa, kamar mai ɗanɗanon miya. Shi ya sa ba kowane ƙarfe ake yi masa ɗaki da shi ba. Ragar wayar da muke yi wa kaji akurki tana da rufin tutiya, tsohon fenti kuma sau da yawa akwai dalma a ciki, dukansu guba ne a cikin aku. Ka nemi ƙarfen da ba ya tsatsa ko da ya fi tsada, ka sa a goge duk wani tsinin walda. Tsakanin sanda da sanda kada ya wuce santimita 2 zuwa 2 da rabi, wato kamar faɗin babban yatsanka. In ya fi haka zai cusa kai ya kasa fitarwa, ya yi ta fizga har ya shaƙe kansa. Kejin ya zama mai kusurwa huɗu, ya iya buɗe fukafukansa duka biyu ba su taɓa gefe ba. Ƙofar kuwa ka sa mata ɗan kwaɗo, sakata ba ta yi wa aku wuyar zarewa.

Sandar da zai tsaya a kai, reshen gwaiba ya isa, a wanke shi a shanya. Ka ɗaura shi ƙasa-ƙasa, kamar tafin hannu daga daɓen kejin, domin ɗan aku faɗuwa yake yi kamar yaro mai tatata. Ka shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasa, kullum ka canza. Mazubin ruwa mara zurfi.

Inda za ka ajiye kejin shi ne ya fi damuna, don a nan na yi kuskuren da har yau yake mini ciwo. Akuna na farko a ɗakina yake kwana. Wani dare da damina sauro ya matsa mana, na kunna maganin sauro mai hayaƙi, na rufe taga na kwanta. Da na tashi sallar asuba na yaye zanen da na rufa masa, sai na gan shi a ƙasan keji, gashi a tashe, baki a buɗe, wutsiya tana sama da ƙasa da kowane numfashi. Ko hantsi bai kai ba. Ni ko tari ban yi ba, amma huhun tsuntsu ba irin namu ba ne. Don haka ka nisanta shi da madafa da gawayi da janareta da turaren wuta. Ka jingina bayan kejin da bango ya sami wurin fakewa, ya sha ranar safe, ka janye shi inuwa kafin ta yi zafi. Ka ɗora shi kan tebur inda mage da ɓera ba za su kai ba, ƙafafun teburin kuma ka tsoma su a gwangwanin ruwa saboda cinnaka. Da dare a rufe shi ya sami barcin awa 10 zuwa 12.

Ka gargaɗi ƙannenka da baƙi: ba a ba shi goro, ba a ba shi fiya ko cakulan ko abu mai gishiri, gyaɗar da ta yi funfuna kuwa zubarwa ake yi.

Na san abin da kake ɗoki shi ne ya yi magana, kamar akun da Abubakar Imam ya sa mu duka muka ƙaunata a Magana Jari Ce. Ka yi haƙuri, yawancinsu sai sun kai shekara guda suke farawa, kuma tsuntsu ne da kan yi shekara 40 zuwa 50 a hannun mai kula. Gobe da safe ka koma wurin mai waldan da ma'auni a hannunka, ka auna sandunan da kanka. In ya gama, ka kawo mini kejin in gani kafin ka sa ɗan akun a ciki. Allah Ya yi maka albarka.