Darasi: Yadda Ɓera Ya Kai Mario Capecchi Ga Lambar Nobel

Jama'a, yau ba waya za mu kwance ba. Kullum idan zan tafi makaranta nakan wuce ginin Hubert Humphrey, hedikwatar Ma'aikatar Lafiya ta Amurka, nan Kudu maso Yammacin Washington. Cibiyar NIH mai ba masu bincike kuɗi tana ƙarƙashinta. A 1980 alƙalan cibiyar suka ce wa Mario Capecchi, masanin ilimin gado a Jami'ar Utah, dabararsa ta sauya ƙwayar gado ɗaya tak ba za ta yiwu ba. Bai saurare su ba. Bayan shekara 4 su da kansu suka rubuto suna murna da bai bi shawararsu ba.

To, mene ne dabarar? Mu injiniyoyi idan ba mu san aikin wani ƙarfe a allon rediyo ba, sai mu cire shi mu ga abin da zai mutu. Haka aka yi wa ɓera. A 1981 Martin Evans na Ingila ya raino ƙwayoyin asali na ɗan tayin ɓera, wato waɗanda ke iya rikiɗa su zama jini, ƙashi ko fata. A cikinsu ake kashe ƙwayar gado guda, a dasa su cikin wani ɗan tayin, a haifi ɓera, sannan a bi jikokinsa a ga me ya ɓaci. An samu irin waɗannan ɓerayen na farko a 1989.

Lambobin sun zo a makare: Kyoto a 1996, Lasker a 2001, sai Nobel a 2007, wadda ya raba da Evans da Oliver Smithies.

Ina ruwanmu? Ƙanwata tana da sikila, kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa masu ita. Da ɓeraye masu ɗauke da cutar mutum ake fara gwada magunguna. A Disambar 2023 Amurka ta amince da Casgevy, inda ake gyara ƙwayoyin asalin jinin mara lafiya a mayar masa. Fasaharsa CRISPR ce, ta daban, amma tunanin ɗaya ne: a nufi wuri guda a gyara. Kuɗinsa dala miliyan 2.2, wallahi ya fi ƙarfinmu.

Wanda ke karatun kimiyya a cikinku, ga aikin da ya rage: a sauko da wannan farashi.